Anzar da Inna ta Jiƙa

Ƴan shekaru kafin Faransawa su naɗe tabarmarsu, ina aiki a gidan likitan dabbobi na Tawa. A takarda sunan aikina mataimaki. A fili kuwa ni ne mai riƙe wutsiyar saniya idan za a yi mata allura, kuma ni ne mai juya magana tsakanin Lokotoro, wato likitan, da makiyaya, tunda na yi shekara shida a lakwal, makarantar boko. Ina da mata da ɗa guda da wando mai aljihu huɗu, amma abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai: a tura ni Yamai in yi karatun shekara biyu, in dawo da allura a hannuna, wani kuma ya riƙe mini wutsiya. Mutum ɗaya ake turawa daga Tawa kowace shekara, kuma sa hannun Lokotoro ne ke tura shi.

Lokotoron namu Bafaranshe ne, ƙato, mai jan wuya, wanda sai da kafinta ya ƙara wa kujerarsa katako a ƙasa. Ba mugu ba ne. Tsoro ne kawai ke cin sa. Mahaifinsa a can ƙasarsu ya faɗi matacce a bakin tebur da cokali a hannu, shi kuma Lokotoron likitan mutane ya duba shi ya ce jininsa ya cika da wani abu wai shi kolesterol. Ya yi mini bayani da alli a jikin bango: kitse ne mai yawo a cikin jini, yana liƙewa a hanyoyinsa kamar yadda man shanu ke daskarewa a bakin gora da sanyi, har wata rana hanya ta toshe, mutum ya kife. Mu dai muka sa masa suna kitsen jini. An ce masa ya bar man shanu da ƙwai. Shi kuma ya ga ya fi masa sauƙi ya nemo wani tsiro da zai wanke jinin, man shanun ya zauna inda yake.

A ƙasarmu ta Adar ba mu taɓa jin wanda ya kai ƙarar kitse ba. Mutum ya yi tumbi sai a ce Allah ya buɗa masa, a ba shi wuri a gaban tabarma. Don haka lokacin da labari ya bazu cewa Anasara yana neman maganin kitse, masu gadi suka ce ai da ya zo ya zauna a gidajensu wata biyu ya warke.

Tsiron nasa a rangadi ya same shi. Da bazara muka yi arewa, wajen Afala da Tebaram, muna yi wa shanu allura. Ya lura mutanen can ba mai tumbi ko ɗaya, daga mai gari har mai jan guga. Ya ce in tambaye su me suke ci. Suka yi ta kallon juna, daga baya wani tsoho ya sunkuyar da kai ya ce anza. Wanda bai san ƙasarmu ba, anza wani ɗan itace ne da ke zama kore shar lokacin da komai ya bushe. Ƙwayar ƴaƴanta ɗaci gare ta mai juya hanji, ba ta ciwuwa sai an jiƙa ta kwana biyar ana zubar da ruwa ana sake wani. Ba mai taɓa ta sai rumbu ya ƙare ƙaf, kuma ko a lokacin a ɓoye ake jiƙa ta don kada maƙwabta su gani. Na juya wa Lokotoro kalmar anza. Ban ƙara da cewa ba su da wani abin ci ba ne, don bai tambaya ba, ni kuma a lokacin na ɗauka aikin tafinta ya ƙare inda tambaya ta ƙare.

Ya ɗanɗana ƙwaya guda, ya tofar, fuskarsa ta yi haske. Ya ce ɗacin nan shi ne maganin. Muka dawo Tawa da buhu guda a bayan mota.

Ga yadda ya tsara gwajinsa. Zakaru ashirin, a raba su biyu. Duka za a riƙa ba su dusa da aka kwaɓa da man shanu da gwaiduwar ƙwai, don jininsu ya yi kitse irin nasa. Goma za a ɗaura musu baƙin zare a ƙafa, su wannan kaɗai za su ci. Goma kuma jan zare, su za a ƙara musu cokali guda na garin anza busasshiya, wadda ba a jiƙa ba, safe da yamma. Bayan wata biyu a ɗebi jini a gwada. Ya dafa kafaɗata ya ce idan aikin nan ya tafi daidai, bana ni ne mai zuwa Yamai.

A gidan aikin muka fara, kuma cikin kwana goma abin ya watse. Zakaru suna ramewa, masu gadi da mai shara suna ta sheƙi, har mai ɗebo ruwa ya yi kumatu. Lokotoro ya yi faɗa da Faransanci, ya yi da Hausarsa ta kalma goma, bai gano inda man ke bi ba. Nan ne na buɗe bakina na ce ina da wadda za ta riƙe zakarun nan da amana, wato mahaifiyata.

Ban yi ƙarya ba. Inna ba ta taɓa cin abin da ba nata ba, kuma duk unguwarmu ba wanda ya kai ta kiwo. Ragon layyarta sai an tallafa masa yake tashi. Kazar da ta shigo gidanta da ƙashin ƙirji a waje, bayan wata guda ba a gane ta. Asalinta mutuniyar Bambeye ce, ta dawo Tawa da ni ina ƙarami, kuma tun rasuwar mahaifina take zaune ita kaɗai da dabbobinta, tana yi musu magana kamar mutane. Ta karɓi zakarun da murna, ta sa aka gina musu akurki biyu. Sai da na sauke buhun a tsakar gida ta tsaya.

“Mi na cikin buhun ga?”

“Anza ta, Inna.”

Ta janye hannunta daga bakin buhun. “Hatsi ya ƙare bariki?”

“A'a, magani na. Ki daka ta busassa, ki ba masu jan zare cokali guda sahe da marece. Amma kada ki jiƙa.”

“Kada in jiƙa.”

“Haka Lokotoro yac ce. Ɗacin shi am magani.”

Ta dubi buhun, ta ce, “To.” Shekara ashirin da biyar ina jin “to” ɗin Inna, na san tana da wajen iri huɗu, amma ran nan Yamai ta toshe mini kunne, na ɗauke ta a matsayin ta yarda.

Gidan ya koma wurin kallo. Matan unguwa suna shigowa aron wuta ko da tasu na ci, don su ga zakarun da ke cin man shanu. Wata tsohuwa da ta ga ana fasa musu ƙwai ta kama baki ta ce, “Subhanallahi! Ashe Anasara na ciyad da uba da ɗiyanai.” Yara suka daina cewa suna so su zama gardi, ɗan sandan Anasara, suka koma son zama zakaran Lokotoro. Su kuwa zakarun cikin wata guda suka daina hawa danga, daga baya suka daina cara, sai dai su buɗe baki su fasa. Duk Litinin ina zuwa da ma'auni, in rataye kowanne ta ƙafa, in rubuta nauyinsa. Inna ta nuna mini garin anza a ƙoƙo, in gyaɗa kai irin na manyan ma'aikata. Na ga wasu manyan tukwane uku a bayan rumbu an rufe su da faifai, na kuma ji wani ɗan wari na tashi daga wajen. Na ce a raina daddawa take yi, na wuce.

Da wata biyu ta cika muka kwashe zakarun zuwa gidan aiki. Lokotoro ya ɗebi jinin kowanne a ƙarƙashin fiffike, ni kuma na juya masa wata ƴar na'ura mai hannu har ruwan jinin ya rabu ya taso sama. Ya zuba a ƙananan kwalabe, ya ɗiga wani magani mai ƙona hanci. Ya ce ruwan zai koma kore, kuma gwargwadon duhun koren, gwargwadon kitsen. Kwalaben masu baƙin zare suka yi kore. Na masu jan zare, waɗanda aka ce anza za ta wanke musu jini, suka yi kore har ya nemi ya koma baƙi. Ya sake gwadawa sau biyu, bai canza ba.

Kwana uku bai yi wa kowa magana ba. Kukunsa ya ce mini a kwanakin nan ya fi kullum cin man shanu, don baƙin ciki. Ni ma na daina cin abinci, na ga Yamai tana ja da baya. A rana ta huɗu sai ga shi ya shigo yana fito. Ya ce mun yi wauta da muka damu: idan anza ba ta rage kitse, to ƙara shi take yi, kuma wannan ya fi wancan girma. Itacen da ke tsirowa a kan dutse ba ruwa, ga shi yana sa ƙiba! Mutanen Tebaram da ya gani ba tumbi kuwa bai sake ambatonsu ba, ni ma ban tuna masa ba.

Da yammacin ranar ya ci abinci a gidan Kumandan, Bafaranshen da ke mulkin Tawa, washegari Kumandan ya zo da kansa ya ga kwalaben. Ya ɗaga zakara guda mai jan zare, ya jinjina nauyinsa, ya yi dariya. A wancan zamanin duk kaka ana tilasta wa kowane magidanci ya zuba hatsi a rumbun tsimi, a kulle, kuma ba a buɗewa sai da izinin Kumandan. Damanar shekarar ba ta yi kyau a arewa ba, masu garuruwa sun fara aiko da roƙon a buɗe musu da wuri. Ina tsaye a gefe da hula a hannu na ji Kumandan yana cewa yanzu ya samu amsar da zai ba su: Allah ya riga ya gina musu rumbu a daji wanda ba shi da makulli, ga kuma shaidar ilimi. Ya nemi a ba shi rahoton a rubuce. Lokotoro ya ce ranar Asabar zai gama, kuma a ranar zai sa hannu a takardata.

Na sayi goro fari, na nufi gidan Inna bayan la'asar, ƙafata ba ta taɓa ƙasa. Na same ta tana share akurkin da ba kowa a ciki.

“Inna, Yamai ta samu! Masu jan zare sun hi kowa kitse.”

“Dole su hi,” ta ce, ba ta ko ɗago ba. “Ludayi biyu nika ba su.”

“Ludayi biyun mi?”

“Na mai mana. Dabba na cikin hannuna, ana cuta tata da anza, in ƙi share mata hawaye? Wancan ludayi guda, wanga biyu. Anzar ko kwana biyar nika jiƙa ta, in shanya, in daka, yadda duk mai hankali ka yi.”

Na zauna a kan turmi. Na roƙe ta da Allah, na roƙe ta da kabarin mahaifina, kada maganar nan ta fita, ko da zuwa Asabar ne. Ta yi mini dariya, ta ce ita ina ruwanta da takardun Anasara, su rubuta cewa zakara na haihuwa ma in sun ga dama. Ta ɓare goron ta jefa a baki. Hankalina ya kwanta, kuma da ya kwanta bakina ya saki, na kwashe maganar Kumandan ta rumbun da ba shi da makulli na gaya mata, har ina kwaikwayon muryarsa don ta yi dariya. Ba ta yi ba. Ta daina taunar goron, ta tambaye ni ko da kunnena na ji. Na ce da kunnena. Ta ɗauki tsintsiyarta ta ci gaba da shara, ni kuma na tafi gida.

Da safe na tarar da ita a ƙofar gidan aikinmu, ta riga ni zuwa, sanye da zanenta na Sallah. Na ja ta gefe, na yi magiya, na ce saura kwana biyu kacal. Ta ce in kai ta wurin mai gidana ko ta shiga da kanta. Lokotoro ya ji motsi ya fito, ya gane ta, ya sa aka kawo mata kujera. Ta ƙi kujerar, ta zauna a ƙasa, ta fara magana.

Inna ba ta jin Faransanci ko kalma ɗaya. Hausar Lokotoro kuma duk sunayen cututtukan shanu ce. Ni kaɗai ne a tsakaninsu, kuma ba zan ɓoye ba, na gwada sa'ata. Ta faɗi yadda ta jiƙa anza da yadda ta ninka man, ni kuma na ce wa Lokotoro ta zo gaishe shi ne da yi masa murna. Ya yi murmushi ya gode. Inna ta juyo ta dube ni.

“Maganata ta hi haka tsawo. Hwaɗa mishi duka.”

Ta ci gaba, amma yanzu ba Lokotoro take kallo ba, ni take kallo.

“Shekarad da hwara tac cinye hatsi, muna Bambeye, ubanka ya tahi kudu neman abinci. Ku biyu gare ni, kai da yayarka. Kai shekara ukku, ita shida. Nij jiƙa anza kwana biyu, kuna ta kuka, nic ce ya isa haka nan. Nid dahwa, nib ba ku. Kai kat tohwar, kay yi ta birgima. Ita yarinya ta mai jin magana. Nic ce mata ci, tac ci.”

Na san na taɓa yin ya. Tun ina yaro an ce mini zazzaɓi ne ya ɗauke ta, ban kuma taɓa neman ƙarin bayani ba.

“Kwana biyu tana amai, ran na ukku munka rufe ta. Bayan nan wata bakwai muna cin anza, wankakka sarai, ban ga wanda yay yi ƙiba ba. Ka hwaɗa mishi shi hwaɗa ma Kumandan: man shanu na yas sa zakarunai kitse. In Kumandan na da man shanun da za shi ba mutanen Tebaram ludayi biyu sahe da marece, to shi bar rumbu kulle.”

Na juya ga Lokotoro na faɗa masa duka, tun daga tukwanen bayan rumbu har zuwa ludayi biyun Kumandan. Mutuwar yayata sau biyu na ji ta a safiyar nan, da Hausa daga bakin Inna, da Faransanci daga nawa bakin, kuma na biyun ya fi mini ciwo. Na share fuska da hula na ƙarasa.

Jan wuyansa ya ƙara ja. Ya shiga biro, wato ofishinsa, ya fito da takardun rahoton, ya yayyaga su a gabanmu. Ya cire hularsa ya raka Inna har bakin ƙofa, abin da ban taɓa ganin ya yi wa ko mai gari ba. Da ya dawo sai ya tsaya a kaina. Bai yi ihu ba. Ya ce mutumin da ya yi wata biyu yana auna zakaru bai ɗaga faifai ya ga abin da ke cikin tukunya ba, sannan aka ba shi magana ya juya ta ta koma gaisuwa, ba zai ba shi allura ba. Ya hau mota ya nufi wajen Kumandan. Abin da suka ce wa juna ban sani ba. An dai buɗe rumbunan arewa a shekarar, a makare kamar kullum, kuma ba zan iya rantsuwa cewa maganar Inna ce ta buɗe su ba. Zakarun kuwa kukun Lokotoro ya soya su ɗaya bayan ɗaya, da man shanu.

Wani aka tura Yamai, ɗan wani mai gadi, yaron kirki wanda ya dawo bayan shekara biyu na riƙe masa wutsiya. Shekarar da ta biyo aka canza Lokotoro, sabon ya zo da nasa mutanen, zancen karatuna ya mutu.

Na yi fushi da Inna, fushi na gaske. Wata uku ban taka gidanta ba. Kullum da hantsi tana aiko mini da fura, kullum ina mayar da ita ba a buɗe ba, ita kuma ba ta fasa aikowa ba. Daga baya na koma gaishe ta, don mutane sun fara magana, muka ci gaba da zama kamar ba abin da ya faru. Ba ta taɓa ba ni haƙuri ba, ba ta kuma sake ambaton yayata ba. Ta ƙara shekara goma sha ɗaya a duniya, kusan kullum ina zaune a tsakar gidanta ina shan furarta muna hirar farashin dusa da ciwon ƙafarta. Har ta koma ga Mahaliccinta ban ce mata ta yi daidai ba, kuma ba don ban sani ba ne.